Giwa a Kan Hanyar Dapaong

A unguwar Zongo ta birnin Sokode, a tsakiyar ƙasar Togo, akwai wani dattijo da ya shafe fiye da shekara talatin yana tuƙa babbar mota tsakanin garinsu da Dapaong, can kusa da iyakar Burkina Faso. Yanzu idanu sun yi rauni, ya ajiye tuƙi, ya koma zaman tabarma a ƙofar gida tsakanin azahar da la'asar. Duk wanda ya daɗe a zaune kusa da shi sai ya ji labarin giwa. 'Ya'yansa sun haddace labarin, har sukan yi murmushi idan ya ɗauko shi. Amma labarin kashi biyu ne, kuma na farkon kaɗai ya saba bayarwa. Na biyun ya binne shi a ciki shekara da shekaru, sai da wani jikansa ya tono shi da tambaya.

Kakannin dattijon fatake ne. Suna cikin Hausawan da suka riƙa ratsa ƙasar Borgu da ƙasar Kotokoli da jakuna, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro, tun kafin Jamusawa su kafa mulki a wannan yanki a ƙarshen ƙarni na 19. Waɗannan mutane sun san daji sanin wanda ya kwana a cikinsa. Idan ayari ya yada zango, madugu kan sa a kewaye dabbobi da ƙaya, a hura wuta ta kwana tana ci saboda kura da zaki. Sawun tafiye-tafiyen nan yana nan a sunayen wurare: kowane babban gari da zangonsa, kuma garin Mango da ke bakin kogin Oti cikakken sunansa Sansanne Mango, daga kalmar sansani. Kafin a haifi dattijon, daji ya riga ya ja da baya daga Sokode. Shi a kan allo ya fara gamuwa da giwa.

Mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ranar da yaron ya kai Suratul Fil, bayan ya biya ya wanke, sai malam ya zaunar da shi ya ba shi labarin Abraha, wanda ya taso daga Yaman da runduna da giwa a gaba don ya rushe Ka'aba, a shekarar da aka haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya gaya masa yadda giwar ta durƙusa ta ƙi shiga Makka, da yadda tsuntsaye suka hallaka rundunar da 'yan duwatsu.

Yaron ya ce, “Baba, giwa ta fi raƙumi girma?”

“Ta fi shi.”

“Ta kai ɗakin nan?”

“Wata ma ta fi shi tsawo.”

“To yaya aka yi tsuntsaye suka ci masu giwa da yaƙi?”

Malam ya yi dariya, ya miƙa masa allonsa, ya ce, “Ajiye wannan tambaya taka. Ranar da ka ga giwa da idonka ka ɗauko ta.”

A wannan zama ne kuma ya koya masa cewa kalmar aya ba ta tsaya ga abin da ake rubutawa a allo ba. Jimlar Alƙur'ani aya ce, abin mamaki da ke nuna ikon Mahalicci shi ma aya ne. Ya lissafa masa surorin da suka ɗauki sunan halittu masu rai: Baƙara ta saniya, Nahli ta ƙudan zuma, Namli ta tururuwa, Ankabut ta gizo-gizo, Fil ta giwa. Daga baya, da boko ya shigo Hausa, sai aka ba ɗigon da ke ƙarshen jimla wannan suna, shi ma aka kira shi aya. Ma'anonin uku sun haɗu a wuri guda, domin kowacce daga cikinsu waje ne da ake son mai karatu ya dakata.

Yaron bai gaji mahaifinsa a malanta ba. Yana saurayi ya bi wani direba a matsayin karen mota, yana ɗora kaya, yana ɗaure tamfol, yana sa waigi a bayan taya idan an tsaya a gangare. Daga Sokode zuwa Dapaong tafiyar kusan kilomita 300 ce a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome. Mota kan hau duwatsun Aledjo, inda aka tsaga dutse biyu kwalta ta ratsa tsakiya, ta sauka Bafilo, ta wuce Kara da Niamtougou da Kante, sa'an nan ƙasa ta shimfiɗe, itatuwa su yi gajarta, zafi ya ƙaru. Sukan kai doya da masara arewa, su dawo da albasa da tumatir da zabi, wani lokaci da shanu.

A wancan zamani, bayan Kante hanyar cikin gandun daji na Keran take bi, wanda aka mai da wurin kare namun daji a 1971. Daga kan mota ana ganin gwanki da ɓauna da gadu da garken birai suna tsallaka kwalta ba tare da sauri ba. Gaba kuma, kafin a shiga Dapaong, akwai wani ɗan ƙaramin gandu da aka keɓe tun 1954, wanda Faransawa suka sa wa suna Fosse aux Lions, wato Ramin Zakuna. Girmansa bai wuce murabba'in kilomita 17 ba, amma a shekarun 1970 da 1980 giwaye sun yi yawa a cikinsa, saboda fadama da ruwan da ke kwanciya a wurin.

A nan abin ya faru, wata asubar hunturu a farkon shekarun 1980. Hazo ya rufe hanya, saurayin yana gyangyaɗi a gefen maigidansa, sai ya ji an taka birki a hankali. Maigidan ya kashe inji, ya kashe fitila, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Kada ka yi tari.” Da farko bai ga kome ba sai wani duhu da ya fi duhun asuba kauri. Can sai duhun ya motsa. Wata babbar giwa ce ta hau kwalta, ta tsaya a gaban motar, tazarar da ba ta fi taku goma sha biyar ba, ta ɗaga hanci sama tana shinshinar iska. A bayanta sauran suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗan ƙarami da ke tafiya a ƙarƙashin cikin uwarsa.

Abin da bai taɓa barin zuciyarsa ba shi ne shirun. Ya zaci ƙasa za ta girgiza, sai ga shi ko motsin ƙafa bai ji ba. Akuya guda idan ta tsallaka titi ta fi su ƙara. Motar da yake taƙama da ita, wadda yake wankewa kullum yana jin babu abin da ya kai ta ƙarfi a duniya, ta koma kamar gwangwani a gaban dabbar. Ya san da giwar ta ga dama, kafaɗa ɗaya za ta sa ta kifar da su da doyarsu. Ta dube su iya son ranta, ta kaɗa kunnuwa, ta juya ta bi 'yan'uwanta. Sai a lokacin ya lura bakinsa yana ta maimaita “Subhanallah” ba tare da ya umurce shi ba. Maigidan bai tada mota nan take ba. Suka sauka, suka yi alwala da ruwan jarka, suka yi sallar asuba a gefen hanya kusa da sawun da aka bari a ƙura, sawun da ƙafafunsa biyu suka shige ciki har da sauran wuri.

Daga baya ya riƙa tsintar bayanai game da ita daga bakin maharba da masu gadin daji da rediyo, kuma kowane bayani ƙara masa mamaki yake yi. A ƙarƙashin ƙafarta akwai wani matashin kitse da ke shanye nauyi, shi ya sa dabbar da toronta kan kai tan shida take tafiya kamar kyanwa. Hancinta ba shi da ƙashi ko ɗaya, tsoka ce zalla, amma da shi take tumɓuke itace, da shi kuma take ɗaukar ƙwayar gyaɗa. Takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace har kilo 150 a yini. Cikinta wata 22 ne, kusan shekara biyu, kuma ɗan da za ta haifa yakan kai kilo 100 ranar da ya faɗo. Tsohuwar mace ce ke jan garke, ita ke riƙe da sanin inda ruwa yake a shekarar fari. Suna kiran juna daga nesa da wani gurnani mai zurfi da kunnen mutum ba ya kamawa. Duk wannan, ba ta da rumbu, ba ta da gona, kuma ba ta taɓa kwana tana lissafin abincin gobe ba.

Ya lura kuma da cewa Bahaushe, duk lokacin da ya so ya kwatanta iko, daji yake zuwa aro. Idan sarki ya fito, fadawa “Zaki!” suke cewa. Babban mutum toron giwa ne. Wanda ba a shige masa damisa ne, ƙi sabo. Hatta bulalar da dogari ke riƙewa sunanta dorina, domin daga fatar dorinar ruwa ake yanko ta. Mutum ya ari sunan dabba don a ji tsoronsa, ita kuwa dabbar ba ita ta yi kanta ba. Idan aka bi wannan bashi daga hannu zuwa hannu, ƙarshensa sai a isa ga Wanda bai ara a wurin kowa ba. Wannan shi ne kashin farko na labarin, kuma a nan dattijon ya saba tsayawa, ya shafa gemu ya ce, “Gaba da gabanta.”

Kashi na biyu ya soma ne da wani manomi. Bayan saurayin ya zama direba mai motar kansa, wata rana da kaka ya tsaya a wani ƙauye na 'yan ƙabilar Moba kusa da gandun, yana neman ruwan zuba wa inji. Ya tarar da wani magidanci zaune a bakin gona, ya haɗa kai da gwiwa. Geron da saura kwanaki a girbe, giwaye sun shiga cikin dare sun mai da shi fili. Direban ya yi masa jaje, kuma cikin rashin dabara ya ƙara da cewa ai giwa aya ce daga ayoyin Allah. Manomin ya ɗago ya dube shi, ya amsa da Hausar kasuwa, “Direba, kai daga kan mota kake ganinta. Ni a cikin gerona nake ganinta.”

Maganar ta bi shi har gida. Manomin ba shi da halin ko jifan giwar, domin doka ta hana. A zamanin mulkin Janar Gnassingbe Eyadema, wanda ya karɓi ragamar ƙasar a 1967, an faɗaɗa gandayen arewa ƙwarai, an tashi ƙauyuka daga filayen da kakanninsu suka noma, an hana farauta da kiwo da saran itace, kuma hukuncin wanda aka kama mai tsanani ne. Direbobi kansu da ɗar-ɗar suke ratsa Keran, kowa yana addu'ar kada ko zabuwa ta faɗo masa ƙarƙashin taya. Namun daji sun yi yawa, sun yi ƙiba, sun daina gudun mutum. A cikin zukatan waɗanda aka kora kuwa, giwa da ɓauna sun tashi daga halittun Allah sun koma dabbobin gwamnati. Da bindiga aka tsare su, ba da yardar maƙwabtansu ba, kuma abin da aka tsare da tsoro kaɗai ranar da tsoron ya kau ba shi da mai tsaro.

Ranar ta zo. A watan Oktoba na 1990 zanga-zanga ta ɓarke a Lome, a 1991 aka yi babban taron ƙasa, hannun hukuma ya yi sanyi a ko'ina. Mutanen da aka tasa suka koma filayensu da gatari da wuta da bindigogi. Wasu yunwa ta kai su, wasu neman kuɗi, wasu kuwa huce haushin shekaru suke yi a kan dabbar da ba ta san an yi doka dominta ba. Cikin ɗan lokaci aka karkashe abin da aka karkashe, sauran suka tsere ƙetaren iyaka. Naman banda ya cika bakin hanya, ya yi arha har ana roƙon masu saye.

A nan ne dattijon yake da abin ɓoyewa. Wasu mutane sun tare shi da dare a hanya, suka yi ciniki, ya ɗora buhunan ƙyafaffen nama a ƙarƙashin albasa ya kai kudu. Sau uku ya yi haka. Bai tambayi naman mene ne ba, domin ya san amsar. A tafiya ta biyu wani buhu ya yage, ya ga wani yanki da fata a jikinsa mai kaurin da babu saniyar da ke da irinta. Ya tura shi ciki ya ɗinke buhun. Kuɗin da ya samu a tafiye-tafiyen nan da su ya sayi kwanon da ya rufa ɗakin da yake kwana a ciki har yau. Ya gaya wa kansa cewa ba shi ya harba ba, kuma in bai ɗauka ba wani zai ɗauka. Shekara ta kewayo, ya riƙa ratsa Keran da Ramin Zakuna ba ya taka birki, don babu abin da zai tsallaka. Ya ci gaba da ba da labarin asubar nan a majalisa, yana tsayawa inda ya saba tsayawa.

Abin da ya sami arewacin Togo bai tsaya a nan kaɗai ba. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, amma a watan Janairu na 2014 an kama kusan tan huɗu na haure a tashar jiragen ruwa ta Lome, an ɓoye a cikin kwantena za a kai Asiya. A shekarar ce kuma masu bincike suka bayyana cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, mafi yawansu a dazuzzukan W da Arly da Pendjari, inda Nijar da Burkina Faso da Benin suka haɗa iyaka. Wurin da ake kira Ramin Zakuna suna kawai ya rage masa.

'Yan shekarun baya dattijon ya je Dapaong sunan jaririn da 'yarsa ta haifa. A gidan akwai babban ɗanta, yaro ɗan shekara takwas, mai zuwa makarantar Faransanci da safe, ta allo da yamma. Bai daɗe da wuce Suratul Fil ba. Da dare, bayan baƙi sun watse, kakan ya ba shi labarin asubar hunturu, da hazo, da sawun da ya haɗiye ƙafa biyu. Yaron ya saurara baki buɗe, sa'an nan ya ce, “Baba Tsoho, ai wurin ba nisa. Gobe ka kai ni in gan ta.”

Ya yi ta kawo uzuri, yaron ya ƙi saki. Washegari suka hau motar haya suka sauka a daidai inda yake tsammanin nan ne. Gonakin masara ne hagu da dama, da shanu suna kiwo a fadama, da mata masu tallar tumatir a bakin kwalta. Manyan motoci suna ta wucewa da gudu.

“Ina suke?”

“Sun tafi, abokina.”

“Wa ya kore su?”

Ya iya cewa maharba, ya iya cewa zamani, kuma babu wanda zai ƙaryata shi. Amma ya dubi yaron ya ga idanun da shi ma ya taɓa ɗagawa ya dubi mahaifinsa da su, sai ƙarya ta yi masa nauyi. Ya ce, “Mu ne. Har da ni.” A tsaye a gefen hanya ya ba shi labarin manomi, da buhuna, da kwanon ɗaki. Wannan ne karo na farko da ya furta shi ga wani mahaluki.

Yaron ya yi shiru, yana wasa da tsakuwa da ɗan yatsan ƙafa. Can ya ce, “To in Allah ne ya ba ta ƙarfi, don me ya bari aka kashe ta?”

Tambayar shekara sittin da suka wuce ce ta dawo masa ta wata ƙofa. A da ya tambayi yadda ƙaramin abu ya rinjayi masu giwa, yanzu ana tambayarsa yadda ƙaramin mutum ya rinjayi giwar kanta. Ya tsuguna da ƙyar saboda gwiwa, ya ce, “Ni ba malami ba ne, mahaifina ne malami. Amma ga abin da na gane. Ƙarfin giwa ba nata ba ne, aro aka ba ta, shi ya sa harsashi ɗan ƙarami yake karɓe shi. Waɗanda suka tsare ta da bindiga su ma aro aka ba su, rana ɗaya aka karɓe. Mu da muka ɗauki namanta muka ɗauka mun fi kowa wayo, dube ni yau, ko allura ba na iya zura wa zare. Ita ba za a tambaye ta geron da ta ci ba, don ba a ba ta hankali ba. Ni za a tambaye ni.”

“Me za ka ce?”

“Shi nake ta nema, abokina.”

Tun daga ranar tunaninsa game da ayoyin daji ya sauya. A da yana ganin ikon Allah a girman giwa kaɗai, kamar yadda baƙauye ke ganin sarauta a tsawon rawani. Yanzu ya fahimci cewa faɗuwarta ma tana karantar da abin da tsayuwarta ta karantar, wato babu mai ƙarfin da ƙarfinsa mallakarsa ne. Sai dai wannan fahimta ba ta wanke shi ba, kuma bai nemi ta wanke shi ba. Ƙaddara ba ta zama hujja ga mai ɓarna. Wanda ya goge aya daga allon yaro kafin yaron ya haddace, ya zalunce shi ko da kuwa ayar tana nan a cikin Littafi. Abin da zamaninsu ya yi wa jikokinsa ke nan: an bar musu sunan sura, an ɗauke musu abin da sunan yake nunawa. Haka kuma bai manta da manomin ba. Ya yarda cewa duk wanda yake son giwa ta zauna, wajibi ne ya fara tambayar wa zai biya geron, domin tasbihin da aka yi daga kan mota ba ya cika rumbun kowa.

Da zai koma Sokode ya roƙi 'yarsa ta ba shi yaron ya yi hutu a wurinsa. Gabas ba ta biyuwa, domin tun daga ƙarshen 2021 'yan bindiga suke kai hare-hare a yankin Kpendjal, har aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes a 2022, dazuzzukan da sauran zakuna da giwaye suka fake a cikinsu kuma sun zama mafakar masu makamai. Amma a Mango, kimanin kilomita 70 kudu da Dapaong, har yanzu akwai dorinai a ruwan da ke kusa da gari. Suka sauka a can, wani mai babur ya kai su bakin ruwa da la'asar sakaliya.

Da farko yaron ya ce duwatsu ne. Sai dutse ɗaya ya kaɗa kunne, ya fesa ruwa ta hanci, ya nutse. Yaron ya riƙa ƙirga a hankali har ya gaji da ƙirga bai ga ta fito ba, domin dorina takan yi minti biyar a ƙarƙashin ruwa. Kakan ya nuna masa yadda aka jera mata ido da kunne da hanci a saman kai, don ta ɓoye dukan jikinta amma tana gani tana ji tana numfashi. Ya gaya masa cewa duk girman nan ciyawa take ci, da dare take fitowa kiwo, kuma fatarta tana fid da wani jan maiƙo da ke kare ta daga rana. Wani masunci da ke gyaran koma a kusa ya gargaɗe su kada su matsa, ya ce wadda ke da ɗa ba ta san wasa ba, kuma su ma shinkafarsu tana shan wahala a wurinta.

Gab da magariba wata babba ta ɗago kai, ta wage baki har ana ganin haurunta, ta yi wani gurnani da ya bi saman ruwa ya shiga ƙirjin duk wanda ke wurin. Yaron ya damƙe hannun kakansa. Dattijon ya sunkuya don ya ba shi haƙuri, sai ya ji leɓunan yaron suna motsi da kalmar da shi ma ta kuɓuce masa a wata asuba, ba tare da kowa ya ce ya faɗa ba. Bai ce masa kome ba. Suka tsaya har aka kira salla a cikin gari.

A mota yaron ya tambaya ko dorinan za su kai lokacin da shi ma zai yi jika. Kakan ya ce wannan sanin na Allah ne, amma hannun da zai bar su ko ya kawar da su na mutane ne, kuma nasa yana ciki. Ya yi masa alkawari cewa idan rai ya kai rani, za su nemi mai kai su gandun Fazao-Malfakassa da ke yamma da Sokode, wanda aka kafa a 1975, mai faɗin murabba'in kilomita 1,920, inda har yanzu 'yan giwaye suka saura a cikin duwatsu. Ya ce ba lalle su gan su ba, domin giwar yanzu ta koyi ɓuya, amma ko sawu suka samu ya isa yaro ya sa ƙafarsa a ciki.

Har yau dattijon yana zama a ƙofar gida tsakanin azahar da la'asar, kuma har yau yana ba da labarin giwa. Bambancin shi ne yanzu ba ya tsayawa a wurin sallar asuba. Yakan wuce zuwa gonar manomi, da buhun da ya yage, ya ɗaga sanda ya nuna kwanon ɗakinsa don masu sauraro su gani da idonsu. 'Ya'yansa sun daina murmushi idan ya ɗauko labarin. Idan ya kai ƙarshe yakan nemi gafarar Ubangiji, ya roƙa wa jikokinsa su ga abin da ya gani, Allah kuma ya tsare hannuwansu daga abin da nasa ya ɗauka.